Yarona na son kaji, sidi 400 ne a hannuna

Assalamu alaikum Hajiya. Ina zaune a Aboabo, cikin Kumasi, a gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da tsakar gida ɗaya. Koko da ƙosai nake sayarwa da safe. Maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yaro ɗan shekara tara. Tun rasuwar yaron ya rage magana, ko ƙwallo ya daina fita. Da hutu muka je wurin kakarsa a arewa, ya ga kajinta, tun da muka dawo ba shi da zance sai na kaji. Ya ce shi ba na yanka yake so ba, nasa yake so, ya sa musu suna. Na kwashi adashi, na biya abin da ke kaina, saura sidi 400. Wata maƙwabciyata ta ce in sayo masa 'yan tsakin nan masu launi guda goma, suna da araha. Ƙanin babansa kuma ya ce ɓarnar kuɗi ne, kaza ta tukunya ce. Ni ban taɓa kiwo ba. Yaya zan yi?

Uwar maraya, Aboabo

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari.

Ki saya masa. Yaron da ya shekara bakinsa a rufe, yau ya buɗe shi ya roƙi abu, kuma abin bai fi ƙarfinki ba, ba a ce masa a'a. Amma ba a wannan makon ba, kuma ba 'yan tsakin nan masu launi ba.

Bari in fara da su, don su ne suka fi ba ni tsoro a wasiƙarki. Waɗannan da ake rinawa ja da shuɗi da kore ana yawo da su a kwali, yawancinsu maza ne na irin kajin gidan gona masu ƙwai. Masu ƙyanƙyasa ba su da amfani da namiji, shi ya sa ake sakin su da araha, launin kuma don ya ja idon yara ne. Ɗan tsako mai kwana ɗaya ba shi da uwar da za ta rufe shi, don haka ke ce uwar. A makon farko yana buƙatar ɗumi kusan digiri 33 zuwa 35 dare da rana. In kin dogara da ƙwan lantarki, daren da aka ɗauke wuta kina barci, da safe sai dai ki kwashe su a tsintsiya. In kin ce kurfoti za ki sa da gawayi a ɗakin da kuke kwana, to lafiyarku ce ke da yaron kika sa a caca. Ga rigakafin cutar kaji ta gumboro da sauransu da suke buƙata a makonnin farko. Wanda ya rayu a cikinsu kuma zakara ne, ba ƙwai, sai cara. Yaronki ya riga ya ga an fita da gawa daga gida. Ba na so ya riƙa farkawa kullum yana ƙirga wanda ya mutu a kwali.

Haka kajin turawa na nama, waɗanda ake kira burela. An yi su ne don a yanka cikin mako shida zuwa takwas. In aka bar su suka wuce haka, nauyinsu kan fi ƙarfin ƙafafunsu, ga ci kamar gara. Ba kazar da za a raɗa wa suna ba ce.

Abin da za ki nema shi ne kajin gida, irin na kakarsa, 'yan mata waɗanda suka kai wata huɗu zuwa biyar, sun wuce shekarun mutuwar banza, sun kusa fara ƙwai. Guda biyu, in kuɗin ya kai uku. Kada ki sayi ɗaya tak, kaza ba ta son zaman kaɗaici, sai ta yi ta kuka tana bin kajin mutane. In kin ga mai wuya ba gashi, kada muninta ya hana ki, irin nan sun fi jure zafi. Ba za su yi miki ƙwai kamar kajin gidajen gona na garin Dormaa Ahenkro ba, waɗanda guda ɗaya kan doshi ƙwai 300 a shekara. Kazar gida takan yi goma zuwa goma sha biyar ta tsaya ta nemi kwanci, ta huta, ta sake. Amma ita ce ke cin abin da ta samu, ta san shaho, ta san hanyar gida.

Zakara kuwa, ki bar shi tukuna. Kaza tana yin ƙwai ko ba zakara, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyasuwa. A gida mai ɗaki goma sha ɗaya, zakaran da ke fara cara tun kafin kiran assalatu zai haɗa ki faɗa da mai aikin dare da mai jego. Ranar da ɗaya ta yi kwanci kuma yaron ya matsa yana son 'yan tsaki, sai ki karɓo ƙwai takwas daga gidan da ke da zakara ki sa mata. Kwana 21 za ta ƙyanƙyashe, ita za ta ɗumama su, ita za ta koya musu tono, ba ruwanki da wutar lantarki.

Yanzu maganar kuɗi. Kuskuren da kowa ke yi, har da ni, shi ne a kashe kuɗin duka a kan kajin, a dawo gida da su a ɗaure a ƙafa, sannan a fara tunanin inda za su kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuɗin nan naki, akurki ne farko, ki ware masa kusan rabi. Abin da ya saura ki cire na abincin wata ɗaya da na rigakafi, sannan ragowar ya faɗa miki ko kaji biyu ne ko uku. In bai kai ko biyu ba, ki yi akurkin ki jira wata mai zuwa. Jiran ma yana da amfani: yaro zai taya ki riƙe ƙusa, ya share, ya san abin nan da gumi aka same shi. Kuma kada ki yi ciniki gab da Sallah ko Kirsimeti, lokacin farashin kaza yake hawa.

Kina zaune a garin katako, wannan sa'arki ce. Guntayen katakon da kafintoci ke zubarwa, da tsohon kwanon rufi falle ɗaya, sun isa. Abin da ba a yi masa rowa shi ne waya. Ki sayi mai ƙananan idanu, wadda ɓera ba zai kutsa ba, don ɓera na shan ƙwai, gafiya da muzuru kuma sukan yi ɓarna da dare. Kaji uku, akurki mai tsawon mita ɗaya da rabi da faɗin mita ɗaya ya ishe su kwana da zaman safe. Ki ɗora shi a kan ƙafafu ko bulo, ya tashi daga ƙasa kamar tsayin gwiwa, kin fi ni sanin yadda ruwa ke malala a Aboabo in damina ta kankama a watan Yuni. A gicciye sanda guda a ciki don su hau su kwana, a sa kwali ko tsohon kwando a lungu mai duhu don ƙwai. A ƙasa ki zuba ɓawon katakon da ke fita in ana fere katako, ba garin zarto mai laushi ba, shi yana shiga musu hanci. Ki sa kwaɗo a ƙofar. Ba na zargin kowa a gidanku, amma kaza ba ta da lamba, kuma ɓarawon kaza ba ya buƙatar tsani.

Kada su kwana a ɗakinku ko a madafa, ko da daren farko ne yaron ya yi ta magiya.

Kafin ki buga ƙusa ɗaya, ki je ki gaida mai gidan ko wanda ke karɓar haya, ki nemi izini, ki nuna masa lungun da kike so. Sannan ki bi matan gidan ɗaki-ɗaki. Rigimar kaji a gidan haya iri biyu ce: kashi a wurin alwala da bakin ƙofar mutane, da cin shanyar da aka baza. Ki yi musu alkawari kajin ba za su fito ba sai da yamma in yaron ya dawo makaranta, awa ɗaya ko biyu, yana tsaye a kansu, kuma shi zai share. Ke mai sayar da abinci ce, in duba-gari, waɗanda muke kira samansaman, suka shigo suka ga kashin kaji kusa da inda kike tace koko, ke za ki sha. Ki nisanta akurkin daga wurin aikinki iyakar yadda gidan ya ba da dama. Ƙwan farko kuma, kada ki soya shi. Ki ba yaron ya kai wa tsohuwar da ta fi kowa ƙorafi a gidan.

Abinci shi ne inda kika fi mutane da yawa gata, ko da ba ki sani ba. Dusar da ke fita in kin tace gero kullum, abincin kaji ce. Sai dai abu biyu. Jiƙaƙƙiyar dusa a zafin Kumasi tana tsami ta yi fumfuna kafin la'asar, don haka ko ki ba su daidai abin da za su cinye nan take, ko ki shanya ta bushe ƙayau. Na biyu, dusa kaɗai cika ciki ce. Kazar da ke cin dusa zalla ba za ta mutu ba, amma ƙwai zai yi wuya, in ya zo ma ɓawonsa taushi. Babbar kaza tana cin kusan giram 100 a rana, wato kimanin cikin gwangwanin madara ƙarami guda. Kaji uku, kilo tara ke nan a wata in ba sa fita kiwo. Ki bar dusarki ta ɗauki rabi, rabin kuma ki sayi abincin kaji masu ƙwai a shagon masu sayar da kayan kiwo, a auna miki kilo-kilo. Kada wani ya ruɗe ki da cewa buhu ya fi araha. Buhu mai kilo 50 zai yi wa kaji uku wata biyar ko fiye, kuma a danshin garin nan kafin ki kai rabi ya yi fumfuna. Masara ko abincin da ya yi fumfuna yana da dafi da ke lalata hanta, a zubar, kada a ce ai kaji ne.

Sauran abin ƙari duk kyauta ne in kina da baki. Mai nika-nika yana share garin da ya zube a ƙasa kullum. Masu busasshen kifi suna da burbuɗi da kawuna a gindin kwando. Mai shayin bakin titi yana zubar da ɓawon ƙwai fiye da abin da kike buƙata: ki karɓo, ki gasa shi a murfin tukunya bayan kin sauke ƙosai har ya yi ƙamshin ƙuna, ki daka, ki zuba a ɗan gwangwani a gefe, su da kansu za su ɗiba. Gasawar tana kashe ƙwayar cuta, dakawar kuma tana hana su gane ƙwai ne su koyi fasa nasu. Ganyen zogale, ragowar kabeji da latas, sauran waakye da tuwon da bai lalace ba, duk suna ci. Abin da ba za ki ba su ba: kifi mai gishiri irin koobi da momoni, don gishiri mai yawa yana kashe kaza, da fiya, wadda ake kira paya a kasuwa, ɓawonta da ƙwallonta da ganyenta duk guba ne ga tsuntsu. Ruwa kuma kada ya yanke. Galan ɗin mai da aka yanke gefensa ya isa, a wanke shi kowace safiya.

To, ga abin da ya sa na ce ki yi haƙuri da gaggawa. Shekarun baya ina da kaji bakwai, na saba da su har ina gane muryar kowacce. Da hunturu na ga wani jan zakara a kasuwa, ya burge ni, na saya na kawo na sake shi cikinsu a ranar. Kwana huɗu ya fara gyangyaɗi, fikafikai a sake, yana kashi kore-kore. Kafin mako biyu ya cika, saura kaza ɗaya, ita ma wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana zagaye wuri ɗaya. Na bi shawarar mutane, na fasa kafso ja da rawaya a ruwa, na daka barkono, na jiƙa ɓawon maɗaci. Ba abin da ya yi. Wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kuma ita ce ke share kajin gida a ƙasar nan kowace shekara, musamman daga Disamba zuwa Maris in iskar hunturu ta taso. Ƙwayar bairos ce, ba ta da magani in ta kama, kafson mutane ba ya taɓa ta.

Amma tana da rigakafi, kuma mai araha. Akwai wanda ake kira I-2, ana yin sa a nan Gana, ya fi sauran jure zafi, kuma ba allura ba ne: ɗigo ɗaya ake ɗiga wa kaza a ido, babba ko ƙarama, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ki tambaya a ofishin likitocin dabbobi na gwamnati da ke Amakom, ko wurin malaman gona na ƙaramar hukumarku. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kaji uku nesa ba kusa ba, kuma in an buɗe ta ba ta ajiyuwa, don haka ki haɗa kai da masu kaji a layinku ku yi rana ɗaya, ku raba kuɗin. Wannan ma kariya ce gare ki, don in kajin maƙwabta sun tsira naki sun tsira. Ki tabbata an yi ɗaya a watan Nuwamba, kafin sanyi ya shigo.

Saboda wannan ne nake so ki sayi kajin a hannun wanda kika sani, a gidan da za ki shiga ki ga sauran kajin suna tono lafiya, ba a kejin kasuwa ba inda aka tara kajin gari goma suna shan ruwa a kwano ɗaya. Ko ki roƙi kakarsa ta aiko da biyu in an sami mai zuwa, kazar da ta fito daga hannun kaka ta fi kowacce daraja a wurin yaro. Ki ɗauki kazar a hannu ki duba: ido garau, hanci a bushe, gashin gindi ba kashi a manne, ƙirji da tsoka ba ƙashi kamar wuƙa ba. Ki buɗe ƙarƙashin fiffike ki ga ko akwai ƙwarƙwata. Duk kazar da za ta shigo daga baya, ko kyauta ce, ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta haɗu da sauran. Don ƙwarƙwata da ƙuma, tsohon baho da yashi da tokar murhunki ya wadatar, za su yi birgima a ciki su wanke kansu.

In kuwa kika ga kaji suna faɗuwa farat ɗaya a unguwa, ba doguwar jinya, tukku ya yi baƙi, fuska ta kumbura, kada a yanka a ci, kada yaro ya taɓa, a sanar da likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Gana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, kuma ita tana iya kama mutum. Ko lafiya lau suke, ki kafa wa yaron doka tun ranar farko: ya taɓa kaza ko ya share akurki, sai sabulu kafin hannu ya kai baki. Ke ma haka kafin ki taɓa ƙullu.

Saura maganar ƙanin babansa. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, haka muka taso, Hausawa ma sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Amma abin da yaron ke nema ba nama ba ne. Yana neman abin da zai tashi da safe saboda shi, wanda zai gudo in ya ji muryarsa. In baffan nasa mai jin maganar malamai ne, ki tuna masa ƙanin Anas ɗan Malik, wanda ake wa alkunya da Abu Umair. Yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gan shi cikin damuwa, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba. Sai dai ki faɗa masa da ladabi, ke da shi, ba a gaban yaron ba, kuma ki roƙe shi alfarma ɗaya: ranar da baƙo ya sauka ko Sallah ta zo, kada a miƙa hannu cikin akurkin nan. Na ga gidan da yaro ya dawo makaranta ya tarar da gashin kazarsa a bola, ana ce masa ya zo ya ci romo. Har ya girma bai manta ba.

Ke ma kada ki yi masa alkawarin da ba za ki iya cikawa ba. Kazar gida in ta sami kulawa tana iya kai shekara biyar ko fiye, amma ƙwai yana raguwa bayan shekara biyu zuwa uku, abinci kuma ba ya raguwa. Ku zauna tun yanzu ku yi magana: waɗannan na farko nasa ne, ba mai taɓa su. 'Ya'yan da za su ƙyanƙyashe nan gaba, zakarun ciki za a sayar ko a yanka, kuɗin ya sayi abincin iyayen da littafin makaranta. Ki kuma gaya masa gaskiya cewa duk da waya da rigakafi, wata rana ɗaya za ta iya mutuwa, kuma ba laifinsa ba ne. In ranar ta zo, kada ki ɓoye gawar ki ce ta gudu. Ki bar shi ya yi kukansa, ku haƙa rami mai zurfi ku binne ta tare. Ina zaton wani kukan da bai yi ba bara zai fito a ranar, kada ki hana shi.

Aikin kuma ki bar masa, ke ido kawai za ki sa. Ruwa da abinci kafin ya tafi makaranta, shara da yamma, rufe ƙofa bayan magariba. Ki saya masa ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ranar rigakafi da yawan ƙwai. In ya yi sakaci kada ki ce za ki sayar da su, ki kama hannunsa ku je ya ga galan ɗin ruwan a bushe.

Ranar da kajin suka iso, ku kulle su a akurki kwana uku zuwa huɗu ba fita, don su san nan ne gida. A kwanakin nan ki ba shi ɗan tsakin gero a tafin hannu, ya tsuguna a bakin ƙofar shiru, kada ya kai musu cafka. Duk lokacin da zai ba su abinci ya yi kira iri ɗaya. Kwana biyun farko za su maƙale a lungu suna kallonsa da ido ɗaya, ki ce masa kada ya gaji. Wadda ta fara zuwa ta ci a hannunsa, ita zai fara raɗa wa suna.